Memori, SSD ko fawa banki: wanne za ka fara saya wa Steam Deck ɗinka a Kaduna?

Ƙanen wani abokina da ke Malali ne ya zo min da Steam Deck ɗinsa, na'urar buga gem ɗin nan da ake riƙewa a hannu, ranar Asabar, ta hannu ya sayo, irin ta farkon nan mai 64GB, gem biyu kacal ya zuba ta ce wuri ya cika. Ya ce min yaya ina da ɗan kuɗi a hannu amma ba za su isa komai da komai ba, in sa memori ne ko in buɗe ta in canza SSD, wato ma'ajiyar cikinta, ko kuwa fawa banki zan fara saya, wani ma ya ce min in sayar da ita kawai in ƙara kuɗi in ɗauki kishiyarta ROG Ally ta kamfanin Asus. Mun fi awa biyu muna wannan magana a ƙofar gida, shi ne na ga gara in rubuta don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba.

Abin da nake so mu fara yarda da shi shi ne, yawancin bidiyon da muke kallo a YouTube waɗanda suke Amurka da Ingila ne suke yin su, mutanen da ba a ɗauke musu wuta, intanet ɗinsu ba a auna shi da giga, in na'ura ta lalace kuma su mayar wa kamfani. Mu a nan lissafinmu daban ne. Valve, wato kamfanin da ke ƙera Steam Deck, ba ta sayar da ita kai tsaye a Najeriya, duk wadda ka gani a hannun mutum a Kaduna wani ne ya shigo da ita, don haka in ka ɓata ta to kai da mai gyara ne da aljihunka.

Abubuwa huɗu nake auna kowane zaɓi da su. Kuɗi, kuma ba kuɗin kayan kawai ba har da wanda ba a gani, kamar datar da za ka ƙona wajen sake sauke gem da ladan mai gyara. Sai ƙarko, wato ya abin zai yi da zafin watan Maris da Afrilu da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma. Sai sauƙi, za ka iya da hannunka ko sai ka nemi wani. Na ƙarshe haɗari, me zai iya lalacewa, kuma ya yawan jabun abin yake a kasuwa. Farashin naira yana bin dala ne kullum yana motsi, shi ya sa a jadawalin da ke ƙasa zan jera su daga mai araha zuwa mai tsada, inda na sa dala kuma farashin da kamfani ya fitar ne.

Memori, wato microSD

Wannan shi ne mafi sauƙi a cikinsu gaba ɗaya. Ka tura shi a raminsa da ke ƙasan na'urar, ka shiga saiti ka yi masa fomat, shi ke nan. Ba sukudireba ba buɗe komai. Ramin Steam Deck irin UHS-I ne, saurinsa bai wuce wajen 100MB a daƙiƙa ba, to duk memorin da aka rubuta masa gudu mai yawa aka tsuga masa kuɗi saboda haka, na'urar ba za ta ci moriyar ƙarin ba. Abin da za ka duba a jikinsa alamar A2 da U3 ne. SanDisk Extreme, Samsung Pro Plus, Lexar, duk suna aiki lafiya.

Mutane suna tsoron wai gem zai riƙa sarƙewa in yana kan memori. Gaskiya a yawancin gem bambancin a wajen lodi ne kawai, ka ɗan ƙara jira kafin ya buɗe, da ka shiga ciki ba za ka gane ba. Inda za ka ji jiki shi ne lokacin saukewa da sabunta manyan gem, nan kam memori yana jan ƙafa sosai.

Matsalar memori a garin nan ɗaya ce, jabu. Wallahi wannan abin yana min ciwo, yaro ya tara kuɗinsa wata da watanni ya sayi wanda aka rubuta 512GB ko 1TB a jiki, kwalin tsaf kamar na gaske, ya sa a na'ura ta nuna masa 512 ɗin ma, ashe cikinsa bai wuce 32GB ba, an yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Zai yi ta karɓar kaya yana rubutawa a kan na baya, sai ranar da ka zo buɗe gem ka tarar komai ya lalace. Ni ma an taɓa sayar min da irinsa a wani shago, sai da na yi asarar gem ɗin da na kwana uku ina saukewa. Maganin abin shi ne gwaji kafin ka zuba komai, akwai H2testw a Windows, akwai F3 a Linux, kyauta ne, suna cika memorin taf su karanto shi su gaya maka ainihin girmansa. Zai ɗauki awanni amma ka yi haƙuri ka yi. Kuma ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, ko a Ahmadu Bello Way ka saya ko a Kasuwar Gumi ko aiko maka aka yi daga Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja. Duk wanda ya ƙi wannan sharaɗin ka bar masa kayansa. Kada ka tsorata in na gasken 512GB ya nuna maka 470 da wani abu, haka lissafin yake, 1TB ma wajen 930 yake nunawa.

Masu ROG Ally ta farko, ta 2023, ku sai kun yi hattara a nan. Ramin memorinta yana kusa da inda zafi ke fita, kuma Asus da kanta ta amsa cewa zafi yana iya sa shi ya daina aiki. A gari mai zafi irin namu ba zan ba mai wannan na'urar shawarar ya dogara da memori ba.

Canza SSD

Nan ne maganar take da tsawo. Duk Steam Deck, har da mai 64GB ɗin, ma'ajiyarta a soke take a rami, ana iya zare ta a sa wata. Girman da take ɗauka shi ne M.2 2230, ɗan guntun nan, kuma mai fuska ɗaya, wato wadda kayan jikinta suke a gefe ɗaya kawai. Kada wani ya ce maka 2242, wadda ta ɗan fi tsawo, ita ma tana shiga da ɗan dabara, Valve ta yi gargaɗi a kan haka saboda tana taɓa wajen da ke kula da caji ta ƙara masa zafi. ROG Ally ta farko ita ma 2230 ce, Legion Go ta Lenovo 2242, ita kuma Ally X ta 2024 doguwar 2280 take ɗauka irin ta laftof, wadda ta fi sauƙin samu kuma ta fi araha. WD SN740, WD Black SN770M, Corsair MP600 Mini, Sabrent Rocket 2230, waɗannan su ne aka fi sawa.

Gudu kam ba a haɗa ta da memori, tazarar ta ninka sau goma da ɗoriya, ƙarko ma ta fi. Kuma ga mai 64GB akwai wani dalili da mutane ba sa lura da shi, ko duk gem ɗinka suna kan memori, SteamOS, manhajar da ke tafiyar da na'urar, tana ajiye wasu fayiloli na taimakon hoto da na Proton, mai sa gem ɗin Windows su yi aiki a kanta, a ma'ajiyar ciki, a hankali a hankali su cinye wurin har sabuntawa ta gagara. Abin da ya samu ƙanen abokin nan nawa ke nan. Mai 64GB komai daɗewa sai ya zo kan SSD.

To amma sai an buɗe ciki. Noti takwas ne a bayanta, a ta LCD, wato irin ta farko, masu kan kuros ne kuma cikin roba suke shiga, in ka matsa da sukudireban da bai dace ba kansu ya cinye ka shiga uku. A ta OLED, wadda ta fito daga baya, an gyara, an sa Torx masu shiga cikin ƙarfe. Kafin ka taɓa noti ko ɗaya ka zare memori, ina roƙonka ka zare memori, don in ka ɓalle murfin yana ciki biyu zai rabu, mutane da yawa sun yi wannan asarar. Ka bar batir ya sauka ƙasa da kashi 25, ka kashe ta gaba ɗaya, in ka cire farantin ƙarfen da ke rufe da allon ka zare wayar batir tukuna kafin ka taɓa SSD ɗin. Akwai wata 'yar riga mai ƙyalli a jikin tsohuwar, ka zare ta a hankali ka sa wa sabuwar. Bayan ka rufe sai ka sake zuba SteamOS daga filashi, Valve ta sa fayil ɗin a shafinta kyauta, kana buƙatar filashi mai 8GB ko sama da abin jona shi da USB-C.

Ga dabarar da za ta cece maka data, kuma ita ce ta sa nake cewa memori da SSD abokan juna ne. Kafin ka buɗe na'urar ka mayar da duk gem ɗinka kan memori ta cikin saitin ma'ajiya, bayan ka gama ka soka memorin, manhajar Steam za ta gan su, sai ka dawo da waɗanda kake so kan sabuwar SSD. Ka tuna Red Dead Redemption 2 ya haura 100GB, Baldur's Gate 3 ana nema masa 150GB, in ka ce za ka sake sauke irin waɗannan da datar waya kuɗin zai iya kamo rabin kuɗin SSD ɗin.

In hannunka bai saba ba ka kai wa mai gyaran laftof, ba kowane mai gyaran waya ba, kuma ka tsaya a kansa. Ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta. Jabu a SSD bai kai na memori yawa ba, amma akwai waɗanda aka ciro daga tsofaffin laftof ake sayarwa a matsayin sababbi, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka awa nawa ta yi tana aiki.

Fawa banki

Ni a wajena wannan ne ya kamata yawancinmu mu fara da shi, duk da ba shi ne ake ɗoki ba. Batirin Steam Deck LCD 40Wh ne, Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa, Valve ta ce awa 2 zuwa 8, to a babban gem irin Cyberpunk 2077 ko Elden Ring awa biyun ma da ƙyar. Ta OLED 50Wh ce, ROG Ally ta farko 40Wh kuma ta fi shan wuta, Ally X ce aka ninka mata zuwa 80Wh. Ka ɗauka an ɗauke wuta da la'asar a Tudun Wada ko Kawo ba a dawo da ita ba sai tsakar dare, me 1TB ɗinka zai amfana maka na'ura tana mace? Ko ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ta Abuja, tafiyar sama da awa biyu, kafin ka isa ta mutu.

Kuskuren da ake yi shi ne duba yawan mAh kawai, lambar girman batir ɗin nan da ake rubutawa a jikinsa. Fawa bankin waya na yau da kullum, ko 30,000 aka rubuta, wutar da yake turowa ba ta isa ba, za ka ga kana buga gem batir yana ci gaba da sauka. Wanda kake nema shi ne mai USB-C PD da ke ba da 45W ga Steam Deck, 65W ga ROG Ally in kana son cikakken ƙarfinta. Ka juya bayansa ka karanta, ka ga an rubuta 15V 3A ko 20V. Kebul ma yana da nasa, duk abin da ya haura 60W sai kebul mai ɗaukar 5A. Mai 20,000mAh wajen 74Wh ne, in ka cire wanda ke tafiya a zafi zai cika maka ta LCD sau ɗaya da rabi. Anker, Baseus, Ugreen duk suna da irinsu. Mai yawan tafiya a jirgin sama ya tsaya ƙasa da 100Wh.

Sauƙi ba magana, jonawa ce kawai, ga shi zai caja maka waya da laftof. Ƙarkonsa matsakaici ne don batir ne, yana tsufa, zafi kuma yana kashe shi da wuri, kada ka bar shi a mota a rana. Haɗarin yana wajen jabu, mai kumbura ko mai turo wutar da ba daidai ba. A nan ban yarda a bi araha ba ko kaɗan.

Wani abu na kyauta da zai ƙara maka lokaci, ka danna maɓallin ɗigo uku ka rage gudun hoto zuwa 40 ko 30, ka rage TDP, wato yawan wutar da na'urar ke ja, ka rage hasken sikirin. Yana ƙara batir kuma yana rage zafi, ita Valve ta ce na'urar ta fi jin daɗin aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa kowa ya san yadda Kaduna take kafin ruwa ya sauka.

Dok

Dok shi ne mazaunin da kake ɗora ta ka jona da talabijin da hannun gem. Na Valve ya fito a 2022 a kan dala 89, yana da HDMI da DisplayPort da ramin kebul ɗin intanet da USB uku. Na JSAUX da Ugreen sun fi araha kuma suna yi. Ba ya ƙara wa Steam Deck ƙarfi, ka sani, hoton da aka yi don sikirin mai inci 7 in ka baza shi a babban talabijin zai ɗan dusashe. Daɗinsa in abokai sun zo, hannun PS4 ko PS5 ko Xbox duk suna kamawa ta Bluetooth. Haɗarinsa ɗaya, na'urar tana zaune a jone da soket koyaushe, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ko janareta ya yi tari caja ce za ta fara tafiya, wani lokacin har da abin da ke jikinta. Ka sa abin kariyar wuta a tsakani, in an ɗauke ka zare.

Tunda maganar abokai ta zo, kada ka sayi dok da hannu biyu don buga gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC a SteamOS, ba ya tashi saboda manhajar hana maguɗin da ke cikinsa, haka Fortnite. Sai dai ka sa Windows.

Analok da ƙananan kaya

Gilashin sikirin ka sa tun ranar farko, kuɗinsa kaɗan ne. Jaka tana zuwa da Steam Deck, ka riƙa mayar da ita ciki musamman da hunturu don ƙura tana bin ramukan fanka. Analok, wato ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa, mai maganaɗisu irin na GuliKit ba ya saurin yin gyangyaɗin nan da mutum zai riƙa tafiya shi kaɗai, amma in naka lafiya lau yake ka ƙyale shi, in ya fara ma ka gwada faɗaɗa da'irar tsakiya a saiti tukuna. Maganar ƙara RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, ka manta, 16GB ɗin a like yake da allo, aikin dalma ne mai hatsarin gaske.

Ko a sayar a sauya?

Steam Deck ta fito a Fabrairun 2022, mai 64GB dala 399, mai 256GB dala 529, mai 512GB dala 649. Ta OLED ta zo a Nuwamban 2023, 512GB a dala 549, 1TB a dala 649, ga batir babba ga sikirin mai kyau ga sauƙin nauyi, amma ƙarfin gem kusan ɗaya ne. Ally X dala 799 ta fito, da Windows da RAM 24GB. In ka lissafa SSD da fawa banki da analok ka ga jimillar, haɗe da abin da za a sayi taka, ta kusa kuɗin OLED ta hannu, to ka tsaya ka yi tunani. Sai dai sayen ta hannu shi ma caca ce, ka duba lafiyar batir, ka gwada kowane maɓalli, ka duba notin baya ko an taɓa kwance su.

| Abu | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gilashi da jaka | kaɗan | mai kyau | kowa zai iya | babu |
| Memori | matsakaici | matsakaici | kowa zai iya | jabu ya yi yawa |
| Dok | matsakaici | mai kyau | kowa zai iya | wuta mai ƙarfi |
| Fawa banki | matsakaici zuwa sama | yana tsufa | kowa zai iya | jabu, zafi |
| Analok | matsakaici | mai kyau | sai an buɗe | tsinka siririyar waya |
| SSD | mai tsada | ya fi duka | sai an buɗe | noti, batir, sake zuba manhaja |
| Sauya na'ura | ya fi duka | ya danganta | sai an yi ciniki | ɓoyayyen aibi |

To wa zai ɗauki me. In kana da 256GB ko 512GB kuma unguwarku wuta ba ta zama, fawa banki mai 45W tukuna, memori ya biyo baya, SSD ba ta zama dole gare ka ba. In gidanku akwai sola ko inbata, tsallake fawa banki ka sa kuɗin a memori mai kyau. Ɗalibi mai zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya ko ma'aikaci mai bin jirgin Abuja, fawa banki da jaka. Mai ƙananan gem da na da, memori 256GB ya ishe shi har ya yi saura. Mai ROG Ally ta farko ya tafi kan SSD kai tsaye, sannan fawa banki mai 65W. Wanda ƙwallo ce rayuwarsa, FC yake so da abokai a falo, ko ya sa babbar SSD ya zuba Windows, ko ya koma Ally ya huta, sannan ya yi maganar dok.

Shi kuma ƙanen abokin nan nawa mai 64GB, na ce masa ya sayi memori 512GB yanzu mu gwada shi a laftof ɗina kafin ya zuba komai, ragowar kuɗin ya ajiye ya ci gaba da tari, in sun kai na SSD 1TB ya kawo mu buɗe ta tare. Fawa banki kuma akwai na yayansa mai 65W da yake cajin laftof da shi, mun gwada ya kama, zai riƙa ara kafin ya samu nasa.